Albasar da Ta Sha Iska

Wani ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'yata Rhonda yake aure, kuma jikokina uku da sunansa ake kiransu a makaranta. Ku dai ku ce wani ne. Dogo, mai faɗin kafaɗa, yana sayar da tayar tarakta a bakin babban titi. Ba ya sha, ba ya faɗa, ba ya ƙin aike. Kan ne kawai ba a gama ɗaure masa ba.

Kun san walimar kaka da muke yi a ɗakin ƙasa na cocinmu kowace Nuwamba, bayan an gama kwashe masara. Ta girbi ake nufi, amma duk garin an san ta wace kaka ce. Shekara talatin da ɗaya takardar rabon aiki tana hannuna. A aji shida na bar makaranta na koma tatsar shanu, amma ban taɓa rubuta sunan mutum a gurbin da bai kai ba.

Daga sama takardar take farawa. Masu gasa talo-talo, sai masu dankali, sai masu dafa-dukan taliya, sai masu kayan zaƙi, sai masu ganye. Can ƙasa, faranti na takarda. Ƙarƙashin mai faranti babu kowa sai tsoho Orval, mai shekara tamanin, da yake hura mana balan-balan ɗari da muke ɗaurawa a kan tebura. Ya hura ɗaya, ya zauna ya huta.

Shi kuwa mijin Rhonda shekara goma sha ɗaya yana kan faranti. Ba mugunta ba ce. Shekarar farko dafa ƙwai na ba shi, ya kawo mana ƙonanniyar tukunya.

To, bana saura mako guda walima, sai ga shi a kicin ɗina. Ya cire hula yana murza ta a hannu.

Ya ce, "Mama, bana ina so a ba ni abinci."

Na ce, "Za a ba ka. Kowa ana ba shi."

"A'a, in dafa nake nufi."

Na ajiye wuƙar da ke hannuna. Na ce, "Me faranti ya yi maka?"

"Mama, a wurin aiki Sarkin Faranti suke kirana. Ƙaramar 'yarmu ma an ce su rubuta abin da babansu ya iya, ta rubuta wai ɗaukar faranti. Malamar ta manna a bango."

"Ai yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Me za ka dafa?"

"Zoben albasa. Ba mai."

"Ba mai ci, na sani."

"A'a, Mama, ba man suya nake nufi."

Ashe wata tukunya ya ciyo a ƙuri'ar da suka yi a wurin aiki. Irin baƙar nan ta zamani da ake jona wa wuta, mai kwando kamar aljihun tebur. Na ce da me take suya in ba mai. Ya ce da iska.

Na ce, "Bawan Allah, shekarata saba'in da huɗu a wannan fili na Minnesota. Iskar da ta bi ta kaina ta ɗauke rufin rumbu biyu da kaji goma sha tara. Ban taɓa ganin ta soya ko ƙwai ba."

Ya ce, "Wannan mai zafi ce."

Na dube shi. Hular nan ta kusa yagewa. Sai na ce, "To, ga sharaɗi. Ka san kowa yana manna sunansa a gindin kwano, ka kuma san ni ce nake duba kwanuka in an tashi. In naka ya koma gida ba komai a ciki, na soke ka daga faranti har abada. In ko ɓurɓushi ya rage, kai da faranti sai mutuwa. Kuma mai abinci ba ya cin nasa don ya ƙarar."

Ya ce ya yarda. Har da miƙo mini hannu. Yana fita na buga wa Rhonda waya na ce ta sayi faranti ta ɓoye a mota.

Ranar Alhamis ya dawo da tukunyar, da wani abu a lulluɓe da tawul. Ya ce gwaji ne. Na ɗaga tawul. Na ga dunƙule guda kamar sheƙar tsuntsu da ruwan sama ya jiƙa. Sama a ƙone, tsakiya ɗanye, ƙasa yana yauƙi.

Na ce, "Wa ya mutu?"

"Zoben ne, Mama."

"Ina ramin? Zobe ai da rami aka san shi."

Ya ce wai ya kwaɓa fulawa ruwa-ruwa, irin yadda ya ga ina yi, ya tsoma albasa, ya cika kwandon fal har da dannawa da hannu. Kwaɓin ya tsiyaye ta ramukan kwando, abin da ya rage ya manne wuri guda.

Ni ban yarda da tukunyar ba, amma albasa na san ta. Kuma ba na son a ɓata abinci a gabana. Na jawo kwandon na juya shi, na leƙa cikin tukunyar, na ga 'yar fanka ce take hura zafin. Minti ɗaya na gane ta. Tanda ce ƙarama da aka ba ta babban suna.

Na ce, "Buɗe kunnenka. Kwaɓi mai ruwa na kaskon mai ne, ba na wannan abar ba. Ka yanka albasa da kauri kamar ɗan yatsana. Ka tsane ta da tsumma. Ka birkiɗa ta a fulawa, ka tsoma a ƙwai, ka birkiɗa a garin busasshen burodi, ka danna ya kama. Ka ɗan fesa mai kaɗan."

"Mama, ai ba mai aka ce."

"Su suka ce. Ni na ce ka fesa. Sannan babban abin, ka ba su iska. In ba su sha iska ba, ba za su yi rumus ba."

Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa. Na ga abin da ya rubuta. Kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe. ISKA.

Washegari na biya ta gidansu zan kai wa Rhonda kabewa. Sanyi har cikin haƙori. Daga nesa na hango shi a baranda, zaune a kan kujera, ya sha riga uku da hular kunne. Gabansa tire cike da ɗanyen zoben albasa. Gaban tiren fanka, a kunne, a lamba ta uku.

Na ce, "Me kake gadi?"

Ya ce, "Suna shan iska. Awa biyu ke nan. Mama, taɓa ki ji, sun fara tauri."

"Daskarewa suke yi."

"Amma sun yi tauri."

Na kashe fankar da ƙafa. Na ja shi kicin, na jera masa zobe shida a kwandon, kowanne da tazara, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Na ce, "Wannan ce iskar. Fili tsakaninsu. Ɗaya ba ya hawa kan ɗaya. Minti biyar ka juya, minti biyar ka kwashe."

Ya ƙirga da yatsa. Ya ce, "Shida ne kawai."

"Shida ne."

"Mutum tamanin ne fa za su zo."

Na ce, "Faranti ba ya buƙatar lissafi. Har yanzu gurbinka yana nan."

Ya ce a'a.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, ba ya da ganda. Ranar Asabar ya bi gida-gida ya aro irin tukunyar guda biyar. Ashe rabin matan garin suna da ita, sun ɓoye mini. Ranar Lahadi da sassafe Rhonda ta zo ta ɗauke ni muka tafi jera tebura, muka bar shi shi kaɗai da buhun albasa. Maƙwabciyarsu ta ce ya jona shida a bango guda, wutar gidan ta ɗauke. Ya raba su. Ɗaya a kicin, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin wanki, biyu a gareji, ɗaya a banɗaki. Ta ce ta taga tana ganinsa yana zagaya gidan a guje da cokali a hannu, hawaye shaɓe-shaɓe saboda albasa. Har ta yi tunanin ko Rhonda ce ta tafi ta bar shi.

Wajen sha ɗaya da rabi ina shimfiɗa mayafin tebur, Rhonda ta miƙo mini waya. Shi ne.

Ya ce, "Mama, kada ki ce komai. Saurara kawai."

Na saurara. Sai na ji garas. Na sake ji, garas-garas.

Ni na san ƙarar albasar da ta soyu. Shekara sittin ina jin ta. Wannan ita ce. Ban faɗa masa ba, don kada kansa ya kumbura, amma ita ce.

Na ce, "Ba laifi. Guda nawa?"

"Ɗari biyu da arba'in. Na zuba a babban kwanon silba. Yanzu zan rufe da murfi in naɗe da bargo kada su huce."

Na ce, "Kada ka soma. Ka rufe su da zafi, tururi ya kashe su, ka iso mana da tsumma. Ka bar su a buɗe su sha iska har ka iso."

Na ji ya ajiye murfin. Sannan ya ce, "Har in iso?"

"Har ka iso."

Na kashe waya. Lorraine mai kayan zaƙi ta ce daga baya wai da na yi masa bayani. Bayanin me? Duk mai hankali ya san a kujerar gaba ake ajiye kwano.

Daga gidansu zuwa coci mil goma sha huɗu ne. Fili fetal, an girbe masara, ba bishiya ko ɗaya da za ta tare komai. Ran nan kuwa iskar arewa ce take busawa, irin mai karkatar da mota.

Sha biyu saura kaɗan sai ga tsoho Orval ya sauko ɗakin ƙasa yana kakkaɓe hula. Shi tun ranar Asabar ya gama hura balan-balansa, har yau numfashinsa bai dawo daidai ba.

Ya ce, "Verna, na ga ƙanƙara ta zuba a watan Yuni. Na ga an yi ruwan kwaɗi a shekarar ambaliya. Yau na ga ruwan albasa."

Na ce, "Orval, ka sha maganinka kuwa?"

"Na sha. Bayan a-kori-kurar surukinki na biyo. Tun daga mahaɗar rumbun hatsi suke tashi ɗaya-ɗaya suna faɗo mini a gilashi. Na sauke taga na cafke biyu." Ya lashe leɓe. "Wa ya soya? Ya iya."

Na hau matakala. Ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar coci. Bayanta karnuka uku suna haki, sama kuma hankaki kamar an yanka saniya. Shi kuwa yana tsaye a bayan motar, ya riƙe kwanon silba da hannu biyu. Da igiya ya ɗaure kwanon a buɗaɗɗen bayan mota, ya ɗaure shi tamau. Kwanon bai motsa ba ko kaɗan.

Na leƙa ciki. Zobe ɗaya. Shi ma don ya manne ne a gindi.

Na ce, "Ina ɗari biyu da talatin da tara?"

Ya ce, "Sun sha iska, Mama."

"Ko iska ta sha su."

Ya sake leƙa kwanon. Sai kuma fuskarsa ta washe. Ya matso ya rage murya. "Amma dubi abin ta wani gefen. Saura ɗaya tal kwano ya zama ba komai. Mutum tamanin, zobe ɗaya. Ai na riga na ci."

Shekara goma sha ɗaya yana cin abinci a tsakaninmu, amma idonsa a kan faranti yake, bai taɓa lura da abin da ke cikinsu ba. A garinmu wa yake ɗaukar na ƙarshe? Ko yunwa za ta kashe mutum, ba zai yarda a ce shi ne ya share kwano ba. Sai dai ya yanka rabi ya bar rabi. Shi kuwa wannan zobe tun daga mota na ƙarshe ne.

Ya ɗora kwanon a tsakiyar tebur, tsakanin dankali da talo-talo. Babban kwano kamar na wankan jariri, ga zobe ɗaya a ciki yana sheƙi. Fasto Lindgren ya yi addu'a. Aka shiga layi.

Mutum na farko ya zo, ya leƙa, ya ce, "Oh, ya yi kyau," ya wuce. Ta biyu ta ce, "Ashe har an cinye. Lallai ya yi daɗi." Ta wuce. Na uku ya miƙa hannu, matarsa ta make hannun.

Shi kuwa yana tsaye a gefen kwano kamar mai talla.

"Ɗauki mana."

"A'a, bar wa wani."

"Kai ne wanin."

"Haba, ni na ƙoshi." Farantinsa kuwa ba komai a kai tukuna.

Mutum arba'in suka wuce. Gumi ya fara keto masa. Ya je ya kamo hannun Fasto.

"Fasto, don girman Allah ka ci wannan zoben."

Fasto ya dubi zobe, ya dubi jama'a. Ya ce, "Ɗana, ni da na yi wa'azi a kan haɗama makon jiya? Sai dai in ɗan taɓa." Ya ɗauki wuƙa ya raba shi biyu. Ya ci rabi. Duk ɗakin aka ji garas. Ya ce, "Madalla." Ya bar rabi.

Da aka ji ƙarar nan sai kwaɗayi ya motsa. Lorraine ta zo ta raba rabin biyu. Mijinta ya raba abin da ta bari. Mai kaɗa molon coci ta raba ragowar da ya bari. Aka sake yin sabon layi, kowa da wuƙarsa. Kowa ya yanka, ya ɗanɗana, ya ce bai taɓa cin irinsa ba, ya bar rabi.

Shi yana ta roƙo. "Ki ɗauke duka mana, ai ba yawa."

"Ina? In cinye wa mutane?"

"Waɗanne mutane? Kowa ya ci."

"Orval bai ci ba."

Orval daga kujerarsa ya ce, "Ni na ci biyu a hanya."

Da aka zo shan kofi, abin da ya rage bai fi ƙwayar riɗi ba. Ya je ya ɗauko Hildur, tsohuwar telar garin, don ita ce mai ido. Ta sa tabarau biyu, ta sunkuya, ta ciro allura daga ƙirjin rigarta. Ya ce, "Yauwa, soke shi ki haɗiye." Ta raba shi biyu. Ta lashi bakin allura ta ce gishiri ya ji daidai.

Sai lokacin duba kwanuka ya yi. Na ɗauki takardata da fensir, na fara daga kan tebur. Talo-talo, ƙashi kawai da fiffike ɗaya, kamar kullum. Dankali, cokali guda. Waɗannan ba ruwana da su, ba su da sharaɗi a kansu. Duk ɗakin an san da maganar, don haka kowa ya juyo, har masu wanke-wanke suka leƙo da kumfa a hannu.

Na iso kan kwanon silba. Na gyara tabarau. Can a tsakiya ga ɗan ɗigo, launin zinariya.

Na ce, "Wannan mene ne?"

Ya ce, "Ina? Ban ga komai ba."

"Ga shi nan."

"Bari in duba da kyau, Mama."

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gindin kwano. Ya ja numfashi. Sai muka ji fuuu.

Ɗigon ya tashi sama, ya yi 'yar shawagi a hasken fitila, ya sauka a kofin Fasto. Fasto bai gani ba. Ya ɗaga kofi ya kurɓa.

Surukin nawa ya miƙe tsaye, fuska ja wur. Na ce, "Me ka yi yanzu?"

Ya ce, "Ban ci ba, Mama. Kowa shaida ne. Iska ce ta soya, iska ta kwashe a hanya, na ga bai dace a hana ta ƙarasa kayanta ba."

Orval ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya.

Na ɗaga kwanon. Na juya shi a hasken fitila. Na shafa yatsa a ciki, na duba yatsan. Ba komai. Na kifa shi, ga sunansa a gindi. Ni kuwa ban taɓa yin magana biyu ba. Na ɗora takarda a kan tebur, na lashi bakin fensir, na ja layi a kan sunansa a gurbin faranti. Na ja na biyu don kowa ya gani.

Aka yi tafi. Rhonda ta rufe fuska da tawul. Shi kuwa ya gyara tsayuwa, ya ja wando sama, ya dubi mazan da ke bayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya leƙo takardar ta kan kafaɗata, yana neman sunansa can wajen masu talo-talo.

"To, Mama, baɗi a ina kika sa ni?"

"Na ga da iska ka iya aiki. Orval ya tsufa. Balan-balan ɗari ne, ka zo tun ranar Asabar."